Za su mayar da ramin bayan Islamiyya bola, me za mu yi?

Malam Sani Tela:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. A yi mini haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya hana ni barci. Jiya bayan la'asar ina shago na hango mutum huɗu da hular kwano da kayan awon safiyo sun nufi tsohon ramin nan na bayan Islamiyyar unguwarmu a nan Legas, inda 'yan tifa suka haƙe jan ƙasa shekarun baya. Na ajiye almakashi na bi su. Na tarar suna kafa turaku suna shafa musu jan fenti. Na tambayi ɗayansu da Yarbanci, ya ce wani kamfani ne ya karɓi wurin, za a riƙa zuba shara har ramin ya cika, daga nan a daidaita a yi wa yara filin ƙwallo. Na ce ina takarda? Ya ce shi awo kawai aka aiko shi.

Yau bayan asuba na taka da ƙafata. Daga turken ƙarshe zuwa katangar Islamiyya taku 140. Zuwa bakin rijiyata taku 210. Gida goma sha ɗaya ke ɗibar ruwa a rijiyar nan, har da maƙwabtanmu Yarbawa na layin coci. Shekara tara ina taka keke kafin in haɗa kuɗin rabin fulotin nan. Na biya mai ƙasa, na biya yaran omo-onile, masu karɓar kuɗi da sunan dangin masu ƙasa, ranar fandisho, suka dawo ranar rufi na sake biya. Ba ni da wani wuri a duniya sai nan. Ku ba ni shawara.

Hajiya Maman Ummi:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Sani, ni ba labari aka ba ni ba. Shekara shida muka yi haya a wata unguwa kusa da babbar bola kafin mu dawo nan. Wari ba shi ke fara zuwa ba, ruwa ne. Sai ka ɗebo bokiti da yamma, da safe ka ga wani maiƙo-maiƙo ya kwanta a sama. Farin hijabin makarantar Ummi tun ina sa bula har na haƙura, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa. Shayi ya canza ɗanɗano. Daga nan muka koma sayen ruwa wurin mai ruwa, na sha daban, na wanka daban. Waina nake yi a ƙofar gida, ƙudaje suka kore mini masu saye. Kafin in juya tanda sun rufe faranti baƙi ƙirin. Mai gidan ya rage kuɗin haya, duk da haka ɗaki uku suka shekara babu kowa. Mu 'yan haya mun tattara mun gudu. Shi har yau yana can.

Shehu Mai Shayi:
Allah ya kiyaye. Amma Malam Sani ni dai tsorona ɗaya. Mu baƙi ne a garin nan. In muka fito muna ɗaga murya, gobe a ce Hausawa ne ke tada rikici, a zo a kwashe mana tebura. Masu ƙasa su yi maganarsu, mu mu bi da addu'a.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Shehu ɗana, na ji ka, kuma tsoronka ba na banza ba ne. Amma bari in gaya maka abin da idona ya gani. A 1989 na sauka Ikko, wato Legas. Lokacin Ojota bakin gari ce, in ka wuce tolget sai daji. A 1992 aka fara zuba shara a Olusosun, kowa ya ce ai can bayan gari ne, wa zai dama. Yau je ka duba. Fili sama da hekta 40, tsauni guda na shara, gidaje da masana'antu sun kewaye shi, Alausa inda gwamna ke zama tana nan kusa. A watan Maris 2018 wuta ta tashi a ciki. Muna Mile 12 muna ganin baƙin hayaƙi ya tokare sama, kwana da kwanaki, har gwamnan lokacin, Ambode, ya ba da umarnin rufe wurin. Daga baya motoci suka ci gaba da shiga, don shara ba ta jiran kowa. Wancan gari ne ya je ya same shi. Namu kuwa bolar ce za a kawo ta same mu a tsakar gida.

Batun baƙunta kuma, fataken goro kakanninmu sun zauna Agege tun zamanin da jirgin ƙasa ya fara ratsawa ta nan. 'Ya'yana duka a nan aka haife su, a nan na binne uwarsu. Ruwan rijiya ba ya tambayar yarenka kafin ya shiga cikinka. Abin da ba za mu yi ba shi ne mu fita mu kaɗai. Da Baale, mai unguwar Yarbawa, za mu tafi, da ƙungiyar masu gidaje ta CDA da muke biya wa kuɗi duk wata, da faston layin coci.

Isiya Gwangwan:
Baba Alhaji Allah ya ƙara girma. Na san abin da zan faɗa ba zai yi wa mutane daɗi ba, amma gara in faɗa a gabanku da in faɗa a bayanku. Yara ashirin da uku ke ƙarƙashina. Kullum kafin gari ya waye sun fita da buhu da ƙugiya, wasu sai sun hau mota biyu kafin su isa inda za su tsinci abu. Su dawo da yamma in ɗora a sikeli, roba daban, goran ruwa daban, alminiyom daban, jan waya daban. Da wannan suke aika wa iyayensu kuɗin taki a Katsina da Zamfara da Jigawa. Wasunsu 'yan bindiga ne suka tashi ƙauyensu. A 2018 aka hana tura kurar shara a jihar nan. A 2022 aka hana acaɓa a Ikeja da Surulere da Apapa da sauransu, rabin yarana tsofaffin 'yan acaɓa ne. Duk ƙofar da talakan Arewa ya samu sai an rufe. Yanzu ga abinci zai zo ƙofar gida, sai mu da kanmu mu kore shi? Abin da kuke kira ƙazanta da shi na yi aure, da shi na kai mahaifiyata Makka. Kuma ramin nan yanzu me yake yi mana? Sauro yake haifa. Shekara biyu da suka wuce kowa ya san yaron da aka tsamo a ciki da damina. In an cike shi ba alheri ba ne?

Musa Ƙarami:
Kai dai faɗi gaskiya, aljihunka kake karewa. Duk inda bola ta sauka ɓarayi sun sauka. Yau a cire murfin kwalbati, gobe a yanke wayar taransifoma, jibi a ce Hausawa ne. Mu da ba mu ci ba mu sha ba mu ake zagi a cikin danfo saboda ku.

Malam Liman:
Musa, ka janye wannan maganar. Isiya maƙwabcinka ne, sahu ɗaya kuke tsayawa. Wanda ya yi sata ɓarawo ne, ko ɗan bola ne ko mai babbar riga. Wanda ya tsinci gwangwani ya sayar ya ci halalinsa, ya fi mai roƙo. Isiya, kai kuma ka riƙe hadisin da Imam Malik da Ibn Majah suka ruwaito, la darara wa la dirar, ba cuta ba cutarwa. Sana'arka halal ce, amma in hanyar samunka za ta lalata ruwan gida goma sha ɗaya, dole a tsaya a duba. Yara sama da ɗari ke karatu a Islamiyyar nan, a rijiyar Malam Sani suke alwala.

Musa Ƙarami:
Na janye, Malam. Yaya Isiya ka yafe ni, raina ne ya ɓaci.

Isiya Gwangwan:
Ya wuce. Amma ka sani kalmar ta shige ni.

Injiniya Bashir:
Salam. Aikina haƙa rijiyar burtsatse ne, bari in yi magana a kan abin da na sani. Yaya Isiya ya yi gaskiya, ramin nan haɗari ne a yadda yake. Amma dalilin da ya sa yake haɗari shi ne dalilin da ya sa bai dace da shara ba. Ku lura, ko a watan Fabrairu da rani ya kai rani, ƙasan ramin ba ya bushewa. Wannan ba ruwan sama ba ne da ya taru. Masu tifa sun haƙa har sun taɓo ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa suka bar wurin. Wato ruwan da kuke gani a ramin, da wanda Malam Sani ke jawowa da guga, uwa ɗaya uba ɗaya ne. A yankin nan na sha samun ruwa tun ban yi nisa da haƙa ba, kuma ƙasarmu yashi ce, ba ta riƙe komai.

In aka zuba shara, ruwan sama zai ratsa ta ya wanko duk abin da ke ciki: ruɓaɓɓen abinci, famfas ɗin yara, batir, ragowar fenti, maganin da ya lalace, mushe. Shi ne baƙin ruwan nan da ke tsatsowa a gindin kowace bola. A Legas kuma ruwa sau biyu yake sauka da ƙarfi, Yuni da Yuli, sannan Satumba da Oktoba.

Wurin binne shara na gaskiya ba rami ba ne kawai. Ana daɓe ƙasansa da yumɓu, a shimfiɗa baƙar roba mai kauri a manne bakinta da wuta, a jera bututu masu ɓuli su tattara baƙin ruwan zuwa inda za a tace shi. Kowace rana a rufe sharar da ƙasa. A kafa bututun fitar da iskar metan, wadda ruɓar shara ke haifarwa, ita ce ke sa bola ta kama wuta da kanta ta yi ta ci ta ƙarƙashi ko an zuba ruwa. A haƙa ƙananan rijiyoyi kewaye don a riƙa gwada ruwa. Sannan a bar tazara mai yawa tsakaninsa da gidaje. Ko da an yi duk wannan, ba a shimfiɗa shi cikin ruwa. Wanda ya ce zai cika ramin nan ya yi muku filin ƙwallo, ku tambaye shi ina zanen shimfiɗar, ina za a kai baƙin ruwan. In ramin ake so a cike don kare yara, da ƙasa da baraguzan gini ake cikewa.

Malam Sani Tela:
Injiniya, to in na bar rijiyar na haƙa burtsatse mai zurfi fa?

Injiniya Bashir:
Zai taimaka in an wuce ruwan sama-sama kuma an toshe gefen bututun da siminti yadda ya kamata. Amma yawancin burtsatsen unguwar nan na araha ne, ba a toshe su ba, ruwan sama yana bin gefen bututu ya gangara. Kuma gida nawa ne ke da kuɗin mai zurfin?

Ɗanjuma Direba:
Ni motar shara nake ja shekara bakwai, a ƙarƙashin PSP, kamfanoni masu zaman kansu da ke kwasar shara gida-gida. Ku bar ma maganar ramin, ku yi tunanin hanya. Titinmu ɗaya ne, ko kwalta babu, keke biyu da ƙyar suke wuce juna a gaban masallaci. Mota mai matse shara in ta cika nauyinta ba na wasa ba ne. Da damina hanyar cikin bola kan lalace, sai layi ya taru. Na sha kwana a layi, tun la'asar har gari ya waye. Duk tsawon lokacin nan ruwa na ɗiga daga bayan kowace mota. Wannan ruwan in ya taɓa takalminka sai dai ka yar. Matata ba ta bari in shiga ɗaki sai na yi wanka a waje na jiƙa kayan a bokiti. A ina layin zai tsaya a nan? Daga bakin rami zuwa teburin Shehu, zuwa tandar Hajiya. Kuma yaran Islamiyya ƙarfe huɗu suke fitowa. Direba a saman motar nan ba ya ganin yaron da ke gab da tayarsa. Aiki zai zo mini kusa da gida, man da nake ƙonawa zai ragu, amma wallahi ba na so.

Shehu Mai Shayi:
Ban yi tunanin layin motoci ba. Subhanallahi.

Anti Rabi Nas:
Yaya Isiya, da kai nake so in yi magana, don ni ke wanke wa yaranka ciwo in sun zo gida da dare. Ka tuna wanda allura ta soke shi a tafin hannu, muka yi ta faman neman allurar tetanus? Da wanda kwalba ta tsaga masa dunduniya ta cikin silifas? Su ne na farko da bola ke ci, kafin ta ci mu. Hayaƙin roba da wayar da ake ƙonawa yana tada fuka, yara ƙanana da tsofaffi su suka fi jigata. Kuma ba mu manta Yunin 2024 ba, da kwalara ta ɓarke a Legas, aka rasa rayuka. Kwalara ta ruwan sha da abinci take shiga. Unguwar da ke shan rijiya, ga ƙudaje, ga ambaliya, ba sai na ƙarasa ba. Ban ce a kashe sana'arka ba. Ina ce maka ribar da za ka samu a sikeli, wani gidan a kantin magani zai biya ta.

Malam Lawal Ticha:
Zan faɗi wani abu da ba a taɓo ba. Gwamnatin jihar nan da kanta tana cewa Legas na fitar da shara kimanin tan 13,000 kowace rana. A 2024 an sake tada maganar rufe bolar Olusosun da ta Solous da ke Igando. In an rufe, sharar za ta tafi wani wuri, kuma duk inda aka nufa akwai masu cewa ba a ƙofarmu ba. Mu kuma mu dubi kanmu. Gida nawa a layinmu ke biyan kuɗin PSP? Da dare wa ke ba masu kura shara, alhali mun san a bakin ramin nan suke juyewa? Ku je ku duba gefen gabas, leda da takeaway sun riga sun yi tudu. Ranar da muka je gaban hukuma, abu na farko da kamfanin zai nuna shi ne hoton wannan tudun, ya ce ai da ma bola ce, gyara ta zan yi. Mu muka ba shi hujja da hannunmu.

Hajiya Maman Ummi:
Malam Lawal ka faɗi gaskiya mai ɗaci. Ni ma na sha bayarwa in mota ta yi sati biyu ba ta zo ba. Daga yau na daina.

Malam Sani Tela:
Na yarda da rabin maganarka Malam Lawal. Mu gyara namu, ranar Asabar ni zan fara fita da shebur. Amma don shara na neman wurin zuwa ba shi ne za a kawo ta taku 140 daga inda yara ke karatun Alƙur'ani ba. Buhun da Hajiya ta bayar da tifa ɗari a rana ba ɗaya ba ne.

Barista Zainab:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na karanta duka. Ga abin da doka ta ce, a taƙaice. Akwai dokar nazarin tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992, wadda ake kira EIA. Gina wurin binne sharar gari yana cikin ayyukan da dokar ta wajabta wa wannan nazari kafin a fara. Ana rubuta rahoto, a ajiye shi a bainar jama'a kwanakin aiki 21, a sanar, domin duk wanda abin ya shafa ya karanta ya rubuta ƙorafinsa. Wani a cikinku ya ga sanarwa? An kira ku taro? In babu, to ko dai ba a yi ba, ko an yi a ɓoye, kuma kowanne daga ciki hujja ce a hannunmu.

Kada mu fara da zargin kowa. Mu fara da tambaya a rubuce. Takarda ɗaya zuwa LAWMA, su ke kula da shara a jihar: shin kun san da wannan wuri, kun ba da izini? Ɗaya zuwa LASEPA, hukumar kare muhalli ta jiha, da ma'aikatar muhalli a Alausa. Ɗaya zuwa ma'aikatar muhalli ta tarayya a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, wadda ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisar jiha mai wakiltarmu. Kowace takarda a kai da hannu a buga mana hatimin karɓa a kwafinmu. Yana yiwuwa ma hukuma ba ta san da zancen ba, wani ne ya sayi rami wurin masu ƙasa yana so ya riƙa karɓar kuɗin juye. Na ga irin haka. Sannan kowa ya nemo takardun gidansa, rasit ɗin mai ƙasa, zanen safiyo, ko me yake da shi. In ta kai ga kotu, wanda zai nuna cewa shi abin zai cutar kai tsaye shi ake saurara. Don Allah kada wani ya tuge turke ko ya taɓa ma'aikaci. Ranar da aka yi haka zance ya tashi daga ruwan sha ya koma na 'yan sanda, abin da Shehu ke tsoro kenan.

Injiniya Bashir:
Ƙari a kan na Barista. Mu gwada ruwanmu yanzu, tun ba a zuba ko tifa ɗaya ba. Rijiya uku: ta Malam Sani, ta masallaci, da ɗaya a layin coci. A kai ɗakin gwaji da hukuma ta amince da shi, su za su ba mu kwalaben da suka dace, a sa su cikin kula mai ƙanƙara a kai a ranar. A duba ƙwayoyin cuta, da dalma, da sinadarin naitiret da ƙazanta ke sakawa a ruwa. Shugaban CDA ya tsaya shaida ya sa hannu. In ba mu da sakamakon yau, gobe in ruwa ya ɓaci za a ce da ma haka yake. Ni zan ɗauki nauyin guda ɗaya.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Na ɗauki na biyu. Kuma akwai abin da ya zo kunnena da daren nan. An ce mutanen kamfanin sun fara zagaya manya da alƙawarin taransifoma da gyaran titi. Ku matasa ba ku san labarin Koko ba. A 1988 aka kawo gangunan guba daga Italiya aka jibge a filin wani bawan Allah a garin Koko, jihar Delta ta yanzu, ana ba shi ɗan kuɗin haya duk wata, bai san me ke ciki ba. Sai da abin ya fashe gwamnati ta kafa hukumar kare muhalli. Ban ce wannan guba ce daga Turai ba. Amma wanda ya zo maka da kyauta kafin ya nuna maka takarda, ka riƙe hannunka a aljihu.

Malam Lawal Ticha:
Kuma rami in ya cika ba tsayawa ake yi ba, sama ake ci gaba da yi. A Addis Ababa a Maris 2017 tudun sharar Koshe ya zabtaro kan gidaje, mutum sama da 100 suka rasu. A Kampala a Agustan 2024 na Kiteezi ya yi haka, sama da 30. Galibinsu talakawan da ke zaune a gindin bolar ne da masu tsince-tsince a cikinta.

Isiya Gwangwan:
Na yi shiru ina karantawa. Akwai abin da ban faɗa ba tun farko, kuma ya tsaya mini a wuya. Makon jiya wani daga cikinsu ya zo har wurin sikelina. Ya ce in tara masa sunaye da sa hannun Hausawa hamsin cewa muna maraba da aikin, shi kuma zai ba ni ikon duk abin da aka tsinta a wurin, ba mai shiga sai ta hannuna. Takardar tana cikin akwatina. Ban sa hannu ba, ban kuma mayar ba. Yau da Anti Rabi ta ambaci yaron da allura ta soka, na tuna ni na riƙe shi yana kuka. Kuma 'ya'yana biyu a Islamiyyar nan suke, Malam Liman ya sani.

Amma ina da sharaɗi, Baba Alhaji. In za a rubuta takarda, kada a rubuta cewa bola na kawo 'yan iska da ɓarayi. Kullum haka ake rubutawa, kuma yarana ake nufi. A rubuta ruwa, a rubuta hanya, a rubuta makaranta. Sannan in unguwa za ta gyara shararta kamar yadda Malam Lawal ya ce, kowane gida ya ware roba da gwangwani da kwali a buhu daban, yarana su bi gida-gida su karɓa su biya a kan kilo. A san fuskarsu, CDA ta rubuta sunayensu. Ba sai sun shiga cikin ruɓa da silifas ba.

Musa Ƙarami:
Yaya Isiya, gidanmu ne na farko. Gobe ka turo yaro.

Barista Zainab:
Yaya Isiya, kada ka yaga takardar nan, kada kuma ka mayar. Ɗauki hotonta gaba da baya ka turo mini ni kaɗai. In akwai sunan kamfani ko lamba a kanta, ita za ta gaya mana wa za mu tambaya. Sharaɗinka kuma na karɓa, ni zan rubuta, ba za a zagi kowa a ciki ba.

Alhaji Garba Mai Albasa:
Allah ya yi maka albarka Isiya. Da sun je Alausa da sunan Hausawa hamsin, da maƙwabtanmu sun ce mu muka sayar da unguwa, kuma da ba mu da bakin kare kanmu. Da kai za mu je wurin Baale, ka faɗa masa da bakinka. Na yi waya da shugaban CDA, ya ce taro ranar Asabar ƙarfe goma a makarantar firamare. Mata ma su zo. Hajiya, ki ba su labarin da kika ba mu, Malam Sani zai fassara.

Shehu Mai Shayi:
Baba zan zo. In ana sa hannu a sa da ni, ko da ɗan haya ne.

Hajiya Maman Ummi:
Zan zo da hijabin ma, har yanzu yana cikin akwati. Su gani da idonsu.

Malam Sani Tela:
Jama'a, Baba Alhaji, Barista. Yanzu na fito alwalar asuba na ji ƙarar babbar mota. Na haska fitila, an sauke katafila a bakin ramin, ta gefen Islamiyya, direban yana kwance a cikinta. Turakun ma sun ƙaru, akwai sababbi guda shida da ba na jiya ba. Ban taɓa komai ba, hoto kawai na ɗauka. Ina ganin Asabar ta yi nisa. Barista, in za ki iya rubuta takardar da safen nan, na rufe shago yau, ni zan kai Alausa da kaina. Injiniya, ƙarfe nawa ɗakin gwajin ke buɗewa?